Tallafin Ya Iso Muna Zaman Makoki

Yaya Salisu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya Anti Rabi da yara? Allah ya sa kuna lafiya.

Tallafin nan da ka ce 'yan ƙauye ɓarnatarwa za su yi ya iso Gazara. Hauwa, matar marigayi ƙanenmu, ta sayi masara da taki da akuya mai ciki da kuɗin. Sai dai kuɗin sun shigo wayarta muna zaman makokin 'yarta Safiya. Zazzaɓi ne fa, Yaya! Kuɗin motar zuwa asibiti aka rasa, masu rabon suna can wai suna tantance sunaye. Akuyar ma Safiya ce ta daɗe tana roƙon a saya mata.

Ku yi mata addu'a, ni ma ku haɗa da ni, don haƙurin ya gagare ni. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Binta