Rijiyar Unguwarmu Na Neman Mai Ita

Birnin Zazzau,
Afrilu, 1977.

Assalamu alaikum. Wannan takarda ta fito daga hannun ƙaninka Aƙilu zuwa ga Yaya Shehu da ke Agege. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ladi da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara wanda ka sani. Iya tana nan da sauƙi, gwiwar ce dai ke motsa mata jefi-jefi, ta kuma ce in gaya maka man zafin da ka aiko ya fi na kyamis aiki. Ƙanwarmu Mairo ta sauka lafiya, namiji, an mayar da sunan Baba. Kasuwa tana nan yadda ka bar ta, masu taya yadi sun fi masu saye.

Bayan haka, albishirinka, unguwarmu ta waye. Famfon gwamnati da aka kafa mana a bakin masallaci bayan tafiyarka, ban taɓa ganin abu mai ladabi kamarsa ba. Ba ya jiƙa wa kowa riga, ba ya kawo santsi a hanya, ba a taɓa jin yaro ya faɗa cikinsa ba. In ka murɗa shi sai ya yi maka tari irin na dattijo, ya yi ajiyar zuciya, ya yi shiru. Ya koya wa matan unguwa haƙurin da wa'azi bai koya musu ba, don tun asuba ake jera bokitai da tuluna, layi har ƙofar gidan Malam Mamman tela, rana ta take a zo a kwashe su yadda aka kawo su. Da muka je ofishin ruwa aka karɓe mu hannu biyu, aka ce inji ne ya lalace, an aika a kawo ƙarfensa daga Turai. Ka ga ke nan ƙishirwarmu ma ta zama babba, tunda sai da jirgin ruwa za a kashe ta.

To Yaya, wasa ya ƙare, don abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba na dariya ba ne. Maganar rijiya ce, wadda ke jikin katangar gidanmu. Ka san yadda muka tashi muka same ta. Kowace bazara in ruwa ya ja baya, mai unguwa ya sa rana, kowane gida ya fito da namiji a yi gayyar yasa. Wani ya shiga da igiya a ƙugu, wasu su ja laka, wasu su kwashe ta zuwa kududdufi, mata su dama fura su aiko. Guga kuma ba ta kowa ba ce, a bakin rijiyar take kwana, wanda duk ya ga igiya ta fara cinyewa sai ya sake wata bai gaya wa kowa ba. Ba mu taɓa sanin wa ke saye ba, ba mu kuma taɓa rasa igiya ba. To shekarar da famfo ya zo da ƙarfinsa, aka ce wa zai shiga taɓo ga ruwa a bututu. Ba a yashe ta ba. Bara ma haka. Ganye ya zuba, yara suka jefa abin da suka jefa, ruwan kwata ya sami hanya ta gefen da bakinta ya zaizaye. Da famfo ya ɗauke aka koma mata dole, sai ga yara a gidaje da yawa da amai da gudawa. Jikar Malam Mamman sai da aka kwantar da ita asibiti. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Daga nan duba-gari ya zo. Ba zan ɗora masa laifi ba, ya leƙa ya toshe hanci, ni ma da na leƙa na toshe. Ya tara mu ya tambaya rijiyar ta wa ce. Ka san halin mutanenmu, ba wanda zai buɗe baki gaban jama'a ya ce ruwa nasa ne. Liman ya ce ta Allah ce. Mai unguwa ya ce ta jama'a ce. Kowa ya gyaɗa kai, muna ganin mun ba da amsar mutunci. Shi kuwa ya ce duka ya yarda, amma jama'a ba mutum ba ce da zai aika wa sammaci in wani yaro ya sake kwantawa. Na gaba da shi suna so a ba su mutum ɗaya mai suna, wanda zai yashe ta, ya ɗaure bakinta da siminti, ya yi mata murfi, in an sami matsala a kama shi. In ba a samu ba kafin ruwan farko ya sauka, za a turo lebura a rufe ta ruf, a shafe. Wato da bakinmu muka mai da ita marar gata, a wurin da muke ganin mun ɗaukaka ta.

Ya dai ba mu wata ƙofa, ya ce in mun kafa ƙungiya mai shugaba da sakatare, aka yi mata rajista, ana iya karɓar sunanta. Muka zauna a ƙofar masallaci bayan la'asar. Yaya, da ka ga masu son shugabanci. Mutanen da ban taɓa ganin laka a ƙafarsu ba kowa na ba da tarihin kakansa. Da na tambaya wa zai fara shiga ramin, sai aka tuna magariba ta gabato. Rijiyar da ta shayar da kakanninmu ba shugaba, ga shi ta kasa samun mai shiga saboda an rasa wanda za a naɗa.

Sai Alhaji Tanko ya taso, wanda ka sani da sayar da goro, yanzu ɗan kwangila ne, yana buga bulo a filin bayan gidansa. Ya ce shi don Allah a sa sunansa. Zai yashe ta da leburorinsa, ya sa mata inji, ya kewaye ta da katanga da ƙofa don tsabta, kowa ya zo ya ɗiba kyauta. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Ni dai a kasuwa na girma, na kuma san bulo ruwa yake sha fiye da raƙumi. Ban kuma taɓa ganin wanda ya kafa ƙofa ya manta da kwaɗo ba. Bana kyauta ne, ban musa ba. Baɗi in injinsa na aiki mata za su jira a waje, wata shekarar a ce sai da yamma, daga nan kuma sai yadda hali ya yi.

Waɗanda suka hango haka, har da Malam Mamman, suka zo zaurenmu suka ce tunda rijiyar na jikin katangarmu, kuma kakanmu na cikin waɗanda suka haƙa, a sa sunan babban gida, wato kai. Iya ta ji daga ciki ta aiko a kira ni. Ta ce kakanmu bai haƙa shi kaɗai ba, kuma Baba har ya rasu in ya ji wani ya ce rijiyar gidanmu ce sai ya gyara masa. Ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa yi wa kowa godiyar ruwa ba, ba ta kuma so ta tsufa ana yi mata. Na ce mata suna ne kawai don a rufe bakin hukuma. Ta ce in je in gani.

Na kuwa gani, tun ba a sa hannu a komai ba. Labari kawai ya zaga cewa rijiya za ta zama tamu. Matan da suka saba zuwa su ɗiba su wuce, yanzu sai sun leƙo sun yi sallama sun ce a ba su izini. Iya ta juya musu baya, ranar ko tuwo ba ta ci ba. Shekaranjiya kuma igiya ta tsinke, guga ta faɗa. Malam Mamman da kansa, mutumin da na tabbata ya sha sake igiyar nan a ɓoye, ya tare ni a hanyar kasuwa ya gaya mini cikin mutunci cewa igiyar gugarmu ta tsinke, ya kamata mu duba. Gugarku ya ce, Yaya. Na tsaya ina kallonsa, shi kuwa bai ma ji abin da ya faɗa ba. Na sayo igiya na ɗaura, kowa ya ga ni na saya, har ana yi mini sannu da ƙoƙari.

Na bi gida-gida ina neman a fito gayya ko da ba suna, mu yashe ta mu gyara bakinta, wataƙila in duba-gari ya ga ruwa garau ya sassauta. Ba wanda ya ƙi. Kowa cewa yake madalla, amma a bari a ji ta wa za ta zama tukuna. In ta Alhaji ce yana da lebura, in tamu ce mu fara su taya. Ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, jiya har an yi iska mai ƙamshin ƙasa. In aka rufe ta, Iya da gwiwarta da sauran tsofaffin unguwa sai abin da 'yan garuwa suka kawo daga inda ba mu sani ba. In na bar wa Alhaji, na san ƙarshenta. In na ba da sunanka ta tsira daga siminti, amma Iya ba za ta yafe mini da wuri ba, kuma duk cikin da ya murɗa a unguwar nan kai za a nema. Ni ban isa in yanke wannan ni kaɗai ba, kai ne babba. Ka ba direban da ya kawo maka wannan takarda amsa, kada ka bi ta gidan waya, ruwa zai riga ta isowa.

Ka gaishe mini da Ladi da kyau, da Adamu da Asabe, ka ce su dage da karatu. Iya tana sa muku albarka, Mairo da maigidanta suna gaisuwa, Malam Mamman ma ya ce in gaishe ka. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri. Haza wasalam.

Ƙaninka,
Aƙilu.

Af, in ka ce a sa sunan naka, ka haɗa da amsar wannan: ranar yasa kai za ka taso daga Ikko ka shiga, ko sunan za mu ɗaura wa igiya mu zura?