Ta Yi Wa Hular Gashina Dariya, Yanzu Ita Take So Ta Sa Ranar Aurenta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, don abin nan ya tsaya mani a wuya.

Ni matar aure ce a Kankia. Bayan haihuwata ta biyu gashina ya riƙa zuba, gaban kai ya cinye tas, ko ɗankwali ya zame sai na ji kunya a gaban maigida. Da na gaji sai na sa almakashi na yanke sauran na baya mai tsawon, na adana a leda. Ina kallon bidiyo a waya na ga ana haɗa hular gashi, wato wig, na ce ai gara in yi da nawa da in sa na wata. Wata Bayarabiya mai shago a kasuwa ta sayar mani da raga da allura, ta nuna mani yadda ake ɗaura silin gashi kaɗan-kaɗan.

Ta farko kam ba ta yi ba, ta fito a karkace kamar kazar da ruwa ya doka. Ranar kuwa Rabi ta zo daga Kusada, ɗiyar ƙanwar Innata ce. Rabi irin mutanen nan ne da ko maɓalli ba su iya ɗinkawa amma bakinsu ya fi reza. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ɗauki hoto ta tura gurup ɗin dangi, wai ku zo ku ga tsintsiyar Yaya. Sati guda ana yi da ni, har danginmu na Mawashi. Na koma kan hulata. Na kwance, na sake, na kuma kwancewa, wata uku ina fama, yatsuna duk sun huje. Ta ukun ta zauna daram, maigida da kansa ya tsaya yana kallona.

To yanzu Rabi za ta yi aure. Garin neman santsi ta lafta man miƙar da gashi ta bar shi ya wuce lokaci, kai ya ƙone, gashi ya bi ruwa. Kun san ba ta iya zuwa da ƙafarta ba? Sai ta aiko Innata. Wai in ba ta hular ta yi biki da ita, kuma wai kada in faɗa wa kowa ni na haɗa, za ta ce daga Kano aka kawo mata, don kar dangin ango su raina ta. Ku ji fa! Aikin hannuna ya isa ya rufa mata asiri, sunana ne bai isa a ambata ba. Ko haƙuri ba ta bayar ba.

Na ce ma Inna gashin jikina ne, ba mayafi ba ne da ake aro. Ta ce in dai ita ta haife ni in bayar, kada in kunyata ta a wurin ƙanwarta. Tun Talata ba ta ɗaga wayata ba, abin da ba ta taɓa yi mani ba.

Rabi ko a jikina, wallahi ko da ƙwal-kwabo ta shiga ɗakin miji ba ruwana. Fushin Inna ne ba na iya ɗauka. Kamu ranar Juma'a ne. In cire gashina in ɗora a kan wadda ba na ko son haɗa kwano da ita don mahaifiyata ta huce, ko in riƙe abina in je Kusada in durƙusa ma Inna har ta haƙura? Ya zan yi?