Ko Harafi Ɗaya

Litinin, 6 ga Nuwamba

An liƙa sanarwa a ɗakin malamai. Kwaleji za ta ba ƙananan malamai tallafin bincike, gurbi biyu kacal ga duk masu harsuna da tarihi. Wanda ya samu za a sauke masa aji shekara guda, a ba shi na'urar ɗaukar murya da kuɗin mota. Shekara guda ba alli ba jan biro! Na tsaya ina karantawa har shayina ya huce.

Zan nema. A kan gali zan yi, waƙoƙin zagin da matan gidan amarya ke rera wa dangin ango idan sun zauna cin abinci. Masu lasifika sun cinye bukukuwa, tsofaffin da suka iya kuma sai tafiya suke yi. In ban ɗauka bana ba, baɗi toka zan tarar.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Na kai wa Farfesa Dubey takardata. Shi ne shugaban sashenmu, shi ne kuma shugaban kwamitin tallafin, wato wuƙa da nama. Bai ce in zauna ba. Ya karanta taken, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, kamar tabaraun ne ya yi ashar.

"Dakta Maurya, wannan kalmar a kan takardar kwaleji? 'Yata, sa 'waƙoƙin albarka na aure'. Ciki kuwa zuba abin da kike so, wa zai karanta?"

Na ce, Sar, ba albarka suke sa wa ba, zagi suke yi.

"To ki bar musu shi a bakinsu."

Na fito da sauri. Haushi ne, ba tsoro ba. To, da ɗan tsoro. Ko harafi ɗaya ba zan canja ba. Na rubuta a nan don in ji kunyar kaina ranar da na karaya.

Talata, 14 ga Nuwamba

Farhat ta sashen tarihi, ita ma ta nema, ta tsare ni a kantin shayi. Wai, "Ke dai Rachna kanki kamar dutsen niƙa. Sa musu albarkarsu, ki karɓi na'ura, ki je ki kwaso asharinki buhu-buhu. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

Na ce in na durƙusa yanzu, a kan gwiwa zan yi ritaya.

Ba ta gane ba. Duk littafin da aka rubuta kan waƙoƙin nan haka aka fara da shi. A wanke take, sai a wanke baiti, daga nan a zubar da baitin da ya ƙi wankuwa. Ƙarshe ka buɗe ka tarar da kakanninmu sun zama wasu salihan mata masu sunkuyar da kai. Kakata da na sani? Wadda ta sa sarkin ƙauye guda ya ƙware da miya?

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Na je ƙauye wurin Bua Phulmati, yayar babana. Ta rame. Tari ya hana ta sakat, amma bakin yana nan.

Na ba ta labarin Dubey, ta yi dariya har ta riƙe ƙirji. (Ita "gari" take cewa, da ra, bakin ƙauye. Na gaji da gyara mata.) Ta ce, "Wannan malamin naku ba a taɓa aurar masa da kowa ba ne? Uban ango in ya ci ya tashi ba a ambaci sunansa ba, ai an raina shi. Wanda aka san darajarsa ake zagi."

Ta fara mini ɗaya, ta kai tsakiya numfashi ya ɗauke. Na ɗauka da wayata. Da na saurara a mota, kukan akuya ya fi muryarta fitowa. Na yi kuka, ɗan kaɗan, na ɗora wa hayaƙin mota.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Katin bikin ɗan Dubey a kan teburin kowa, har nawa. Mai ruwan zinariya, da ƙamshi.

Juma'a, 24 ga Nuwamba

Mun yi kiciɓis a baranda. "Kin gyara?" A'a, Sar. "Kwamiti zai zauna ranar huɗu ga Disamba." Na sani, Sar. Ya wuce, na wuce.

Laraba, 29 ga Nuwamba

Ban san ta ina zan fara ba. Wataƙila na kashe kaina da kaina.

Jiya aka ɗaura auren ɗan Dubey, yau da rana aka yi cin abincin dangin ango a gidan amarya. Mu 'yan kwaleji muna cikin tawagar ango. Gidan 'yan boko ne, uban amarya injiniya. Kujeru da fararen riguna, masu raba abinci da safar hannu, lasifika na ta wani kiɗa marar gishiri. Dubey na zaune a tsakiya da rawaninsa, an cika masa faranti. Yana ci yana ɗaga kai yana duban ɓangaren mata. Ya ci loma, ya duba. Wani tsoho kawunsa da ke gefe ya ce, ba a hankali ba, "Wannan biki ne ko sadakar mamaci?" Dubey ya ajiye cokali.

Na zaga wanke hannu, sai ga kakar amarya a bayan labule, 'yar tsohuwa a dunƙule, leɓenta na motsi ba sauti. Na san wannan motsin, na gan shi a bakin Bua. Na ce, Dadi (haka muke kiran kaka), me ya hana? Ta ce, "Ɗana ya ce kar mu ba shi kunya gaban farfesoshi."

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na durƙusa kusa da ita na ɗaga murya da baitin farko na waƙar Bua. Ni, baƙuwar ɓangaren ango, abin da ba a yi! Tsohuwa ta dube ni, ta gyara zama, ta ƙwace waƙar daga bakina. Ta ce me sunan uban angon? Na faɗa mata. Cikakke.

Awadhesh Dubey mai tumbin tulu,
ka zo da yunwar shekara,
ƙanwarka ta bi mai tallan awarwaro,
kai kana nan kana suɗe kwano.

Mata suka fito daga kicin suna amshi, wata ta kifa roba ta mai da ita ganga. Wani ya kashe lasifika. Injiniya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Farhat ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa. Kawun nan kuwa har da buga ƙafa, yana cewa a ƙara, a taɓo shi shi ma.

Dubey bai yi dariya ba. Ya dube ni ta tsagin labule, ya daɗe. Sannan ya ɗauki cokali ya cinye abincinsa tas, ya sa hannu a aljihu ya aika wa tsohuwar tukwici, yadda ake yi.

Ban yi nadama ba.

Alhamis, 30 ga Nuwamba

Duk kwaleji ta ji. Masinjan ofis ma da ya kawo mini rajista yana gungunin "tumbin tulu".

Litinin, 4 ga Disamba

Kwamiti ya zauna. Na koyar da aji uku, ban san me na faɗa musu ba. In sun hana, ranakun Lahadi nawa ne, wayata ma tawa ce. Da akuyar da komai.

Juma'a, 8 ga Disamba

Ni da Farhat! Sunana a allo, takena a ƙarƙashinsa, kalmar tana nan ba a taɓa ta ba.

Na sayo alawar laddu na zaga ofis-ofis, tunda wanda ya samu alheri shi ke zaƙaƙa bakin mutane. Nasa na bari ƙarshe. Wannan karon ya ce in zauna. Ya ɗauki ɗaya, bai ci ba, yana juya shi.

"Har yanzu akwai kuskure a takenki."

Na miƙe zaune, na shirya faɗa.

"Gali na direbobi ne a tasha. Abin da aka yi mini ran nan gari ne, da ra. Uwata ta tsufa tana yinsa, duk bikin da aka yi a ƙauyenmu ita ake ɗaukowa. Ban taɓa jin ta ce gali ba." Ya dubi laddun. "Da na samu aiki a nan, ni na hana ta."

Ya ce ƙanwar uwar tasa tana da rai, tana ƙauye, in ina so. Sai ya jefa laddun a baki ya ja wata takarda, wato in tafi.

Asabar, 9 ga Disamba

Gobe wurin Bua da sassafe, da na'urar. Mako mai zuwa ƙauyen Dubey.

Na buɗe shafin 9 ga Nuwamba na karanta, na rufe. La ta koma ra, shi ke nan. Ba don shi ba. Bua ma haka take faɗa.