'Yan Kwamiti Sun Cika Motar 'Yan Wasa

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina fata kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Nan Kiru kowa lafiya, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Rigunan ƙwallon da ka aiko wa ƙungiyar kwalejinmu sun iso, Allah ya saka da alheri. Sai dai ka ji abin takaici.

Ranar Asabar da ta wuce muke da wasa a Doguwa. 'Yan wasana sha takwas ne, kuɗin da ɗalibai suka tara kuwa bas ɗaya ya ɗauko, mai kujera sha takwas. Ni ne koci, ni ne mai gyaran targaɗe, ni ne mai ɗebo ruwa. Amma da aka ji makaranta za ta ba da alawus, sai ga 'yan kwamitin wasanni su sha ɗaya, waɗanda ban taɓa ganin ƙeyarsu a fili ba. Duk sun girme ni, wa zan ce wa ya sauka?

Na ce wa shugabansu, "Ranka ya daɗe, 'yan wasan fa?"

Ya ce, "Matasa ne, su biyo mu a acaɓa."

A Kwanar Dangora kuɗin 'yan wasan da suka biyo mu a acaɓa ya ƙare. Da 'yan wasa shida na isa, alƙali ya ce sai bakwai. Aka ba abokan karawarmu nasara, ko ƙwallo ba a taɓa ba.

Ka gaida mutanen gida, ka sa ni a addu'a, haƙurina ya kusa ƙarewa. In hoton da muka ɗauka da sababbin rigunan ya zo maka, mai tumbin nan da ya sa lamba goma, shugaban kwamitin ne.

Ƙaninka,
Habibu