Tawada a Babban Yatsa

Baba Malam,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna. Yaya ƙafar? Allah ya sa ka daina yi wa likita gardama.

'Yarka kuma tsohuwar ɗalibarka Me-ya-sa ce, wadda ka laƙaba wa sunan saboda yawan tambaya a ajinka. Yau tambayar ta fi ƙarfina. Sabuwar manhajar ilimin zamantakewa ta ce a daina sa yara hadda, a koya musu zaɓe a aikace. Sai na shirya zaɓen shugaban ɗalibai. Kwalin alli ya zama akwatin ƙuri'a, muka aro labulen ofis muka yi rumfa, duk wanda ya jefa na dangwala masa tawada a babban yatsa. Mako uku ina nanata musu cewa ƙuri'a ba ta ƙarya.

Wautar da na yi ita ce na bari aka kai akwatin ofishin shugaban makaranta, muka ƙirga daga ni sai shi. 'Yar matar da ke mana shara ce ta ci, da tazarar ƙuri'a arba'in. Shugaba ya cire tabarau ya ce, "Haba Malama, 'yar mai shara ce za ta riƙa tarbar mana baƙi?" Ya rubuta sunan ɗan shugaban ƙungiyar iyaye, wai ni zan karanta a taron safiyar Litinin. Ya kuma tuna min cewa akwai makarantu can nesa da ke neman malamai. Ga yarana uku, ga mahaifiyata a kwance.

Ka tuna da na tsaya zaɓe a ajinka na faɗi, ka ce rungumar kaye ma darasi ne? Maganar nan ce ta mai da ni malama. Me zan yi, Baba?

Ka huta lafiya.
'Yarka,
Me-ya-sa

*

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso. Ƙafa da sauƙi. Innarki tana gaishe ki.

Kwana biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Kin zo neman shawara inda babu ita. Wancan zaɓen da kika tuna min, ba ki faɗi ba. Ke kika ci. Ni ma a ofis muka ƙirga, ni ma takarda aka miƙo min, na tsaya a gabanku na karanta. Da na gan ki kina kuka a bayan aji, sai na ƙirƙiro maganar rungumar kaye don in samu ki yi shiru.

Shekara ashirin da shida ina jiran ki tambaye ni me ya sa. Ke da ba ki barin komai ya wuce, wannan kaɗai ba ki tambaya ba, domin kin yarda da ni.

Ba ni da bakin ce miki ki ƙi. An canja manhaja sau huɗu a idona, ofishin nan bai canja ba. Ki yafe min in za ki iya.

Allah ya yi miki albarka.
Tsohon malaminki

*

Malam,

Gaisuwa. Wasiƙarka ta zo ranar Talata.

Na karanta sunan da aka ba ni. Yara suka tafa, tawada ba ta ma goge daga yatsunsu ba. Da aka watse, 'yar mai sharar ta zo ta taya ni cire labulen. Ta ce, "Malama, kar ki damu, baɗi zan ƙara ƙoƙari. Ai kin ce ƙuri'a ba ta ƙarya." Ta ce in ta girma, malama za ta zama kamar ni.

Kada ka ƙara kira na Me-ya-sa. Na riga na san me ya sa.

A gai da Inna.
Malamar zamantakewa