Naman Kazar da Ba Kaza Ba

(Wannan saƙon murya ne, mun rubuta shi yadda ya zo.)

Salamu alaikum Anti Murjanatu. Don Allah ki gaya min ko in ba ɗiyata nono ko in bari. Tun jiya ban ba ta ba, kuka takai, ni ma kuka nikai, ga ƙirjina ya cika ham. Ban yi boko ba, shi ya sa nika magana da baki.

Ni matar mahauci ce, nan Jega muke. Ɗiyata Mubina ko zama ba ta soma ba. Ƙanwar maigidana, Naja'atu, tana karatu jami'ar Aliero, ita ta roƙe shi ya bar ni in raka ta ran Asabar, wai in sha iska tunda na gama wankan jego. Ta kai ni wani gidan abinci. Anti, ban taɓa ganin wuri awa shi ba! Sanyi ko'ina, kujeru masu taushi, mutum na zaune a kawo mashi abinci har da 'yar takardar goge baki. Wallahi sai da na duba ƙahwata kar in ɓata masu ƙasa.

To ita Naja'atu ta daina cin nama, wai sai ganye da wake da awara, har gida ana mata dariya. Sai na ji ta ce a kawo muna shinkahwa da naman kaza. Na ce a raina, ashe a ɓoye ake ci. Anka kawo, ga shi yanka-yanka cikin albasa da tattasai da kabeji, ba ƙashi ko ɗaya. Na ce kajin birni ke nan. Anti daɗi! Taushi, ga romo, ga ƙamshi. Ni da kullum nama ke shigowa gidana, ban taɓa cin abin da ya kai shi ba. Na cinye nawa, na taɓa nata. Har mahwarkinai na yi.

Jiya ta zo gida nika ta yaba kazar, ta hau dariya har tana riƙe ciki. Ta nuna min hoto cikin waya. Inna lillahi! Ashe abin nan na da ka tsirowa gindin icce da damina, laimar kwaɗi. Shi anka ce ma naman kaza. Innarmu can Birnin Malam ko taɓa shi munka yi sai ta wanke muna hannu da toka, ta ce dahi na. Naja'atu na ta rantsuwa wai nomansa akai, ni ko ban taɓa ganin gonar laimar kwaɗi ba.

Ni dai lahiyata lau, ko ciwon ciki ban yi ba, ita ma Mubina haka. Amma in dahin ya taru cikin nono hwa? Ruwan koko nika ɗiga mata, tana tohwarwa. Kuma Allah ya gahwarta min, dud da tsoron ga, raina na son in koma. Maigida bai sani ba, ta ina zan soma ce mashi abin juji ya hi namansa daɗi? Maƙwabciyata Tasalla kaɗai na gaya ma, ita ta ce in dakata da nonon har in tambaya.

Maman Mubina, Jega

Maman Mubina, wa'alaikumus salam. Na riga na aika miki amsa da murya, ina maimaitawa a nan saboda wasu iyayen: ki mayar da yarinya kan nono yanzu. Ki ajiye kokon nan, cikinta bai isa shi ba. Hana ta nono shi ne haɗarin, ba abin da kika ci ba.

Innarku ta yi gaskiya. Cikin waɗanda ke tsirowa a daji da juji akwai masu kisa, kuma ido ba ya rarrabe su, don haka kada daɗi ya sa ki tsinko na gindin itace. Naja'atu ma ta yi gaskiya. Akwai irin da ake nomawa a cikin ɗaki don ci kawai, shi ake sayarwa ga gidajen abinci, kuma mai shayarwa tana iya cinsa. Kin ci tun Asabar, kin ci gaba da shayarwa kwanaki, ba amai ba gudawa daga ke har ita, wannan ya isa ya kwantar miki da hankali. Idan Mubina ta ƙi kama nono, ko jikinta ya saki, ko fitsarinta ya ragu, ki kai ta asibiti ba jira.

Son komawa kuwa ba laifi ba ne. Wake, awara da ganye abinci ne na ƙwarai, sai dai kina shayarwa, kada ki yar da naman gidanki. Ki gaya wa maigida yau, domin 'yarsa ce ta wuni ba nono. Ba sai kin ce ya fi namansa daɗi ba. Ki ce kina so ya kai ki da kansa, ya ɗanɗana, ya kuma tambaye su inda suke sayowa.

Allah ya raya Mubina, ya ƙara miki lafiyar shayarwa.

Anti Murjanatu