Na Taka Ƙafar Shugaba

Chuluun, tara na kayar cikin goma! Ni, da hannun nan nawa!

Af, ko gaisuwa ban yi ba. Ƙanena, ina fata kuna lafiya, dabbobi sun yi ƙiba kafin sanyi ya sauko muku can gida Khovd. Madawwamiyar sama ta tsare ku. Mu nan birnin Darkhan lafiya lau. Jikata Anu ta fara haƙori, ni take cizo. Ka yi haƙuri da rubutun, ajin yamma bai gama gyara ni ba.

Kai kaɗai ka san hannuna na dama yana rawa. Shekara guda ina ɓoye shi cikin dogon hannun riga a masana'antar da nake tantance gashin awaki. In aka gane, za a ce in huta, a karɓe ɗakin ma'aikata, in dawo ƙauye, Anu ta girma ba ta san ni ba.

To, ran Asabar sabuwar shugabarmu Sarangerel ta kwashe mu zuwa wasan bolin, inda ake mirgina ƙwallo mai nauyin ɗan akuya a kayar da sanduna goma. Na ce baya ke ciwo, Jargal direba ya ce ƙarya ne, tsoho tsoro yake ji, a kawo masa bargo. Aka ba ni takalma masu santsi, aka ce in naɗe hannun riga. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na rungumi ƙwallon da hannu biyu, na durƙusa, na tura. Yana tafiya kamar ba zai je ba, har Jargal ya ce bari ya sha shayi ya dawo. Sai ga tara a ƙasa! Na ja da baya don murna, santsi ya kwashe ni, na taka ƙafar shugaba.

Ka san yadda Inna ta hore mu, ba a taka mutum a ƙi kama hannunsa nan take. Kafin in yi tunani na miƙa mata na daman. Ta riƙe, yana karkarwa cikin nata kamar tsuntsun da aka kama. Ta dube ni, sannan ta saki. Ran Lahadi ko shayi bai wuce mini ba.

Litinin ta kira ni ofis. Na shiga da makullin ɗaki a aljihu, don kada sai an tambaya. Ta zube gashi kashi biyu, ta ce in rufe ido. Na shafa, na ce wannan na matashiyar akuya ne, wancan an gauraya shi. Ta yi dariya, ta kira ni Baba, ta ce wai yatsuna take so, ba ruwanta da rawar hannu. In riƙe makullina, amma Laraba lallai in ga likita.

Yanzu likitan nake tsoro, ban san me zai ce ba. Amma ina kusa da Anu.

Ka gaida matarka Dulmaa da yara, da kawu Sambuu. Da an yi yankan naman hunturu ku taho dukanku, ku ga Anu, ku ga yayanku yana wasa da hannun riga a naɗe.

Yayanka,
Gombo